Takardar Ƙurar Dutse Ta Maƙale a Hannuna

Dakta Ermelinda,

Don Allah ki taimake ni, domin na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana bai yi mini dariya ba ko bai yi fushi da ni ba. Abokan aikina cewa suke takarda ce kawai, mijina kuwa da na ɗauko zancen sai ya tuna bai ba kare abinci ba. Na sauya sunayen duk waɗanda zan ambata, saboda garinmu ƙarami ne, kuma kusan kowane gida akwai mai karanta wannan shafi naki.

Ni likitar huhu ce a wani ƙaramin asibiti a yankinmu na Alentejo. Kin san mu, da dutse muka tashi. Kakana marmara ya yanka har ya tsufa, ya mutu da haƙoransa da huhunsa lafiya lau. Amma 'yan shekarun nan masu sana'ar sun koma wa dutsen haɗi, wanda ake niƙa tsakuwa a cuɗa da ƙaro a yi faifai, a yanka wa mutane kantar kicin. Kowace amarya shi take so, don ba ya tabo.

Na farko da ya zo wurina wani matashi ne, bari in kira shi Baltasar. Shi ke busa ƙaho a ƙungiyar kaɗe-kaɗen garinmu, duk bikin waliyyi yana gaba da jar hularsa. Ya zauna yana murmushi ya ce, "Likita, ba ciwo nake ba fa. Ƙahon ne ya fara raina ni. Ina kaiwa tsakiyar waƙa sai iska ta ce ta tashi aiki." Bai kai shekara talatin da biyar ba, bai taɓa shan taba ba. Da na ɗaga hoton ƙirjinsa sai da na sake duba sunan da ke jiki, na zaci na wani tsohon mahaƙin ma'adinai aka haɗa mini. Ƙurar dutse ta cinye masa huhu, kuma kin san wannan ciwo ba ya komawa baya. Yanzu yana jiran dashen huhu a babban birni, Lisboa, yana yawo da tukunyar iska a bayansa, kuma har yau in ya gan ni sai ya ce, "Likita, ga sabon ƙahona, wannan shi ke busa ni."

Bayansa wasu suka biyo, har suka kai goma sha ɗaya, duk matasa, duk masu yankan wannan dutse a bushe cikin rumfa mai ƙofa ɗaya. Kowane na kai rahotonsa ga hukumar lafiyar ma'aikata kamar yadda doka ta ce, kada ki ce ban yi wannan ba. Sai malamina, Farfesa Anselmo, wanda ya koya mini karanta hoton ƙirji tun ina ɗaliba, ya ce mini, "'Yata, rahoto a durowa yake kwana. Zauna ki rubuta, likitocin duniya su gani." Muka rubuta tare, da Turanci. Ni na yi bayanin marasa lafiyan da yadda muka gwada su, shi kuma ya rubuta ɓangaren ƙarshe, inda ya ce dutsen nan guba ne, a hana shigo da shi ƙasar gaba ɗaya. Mutum ne mai zafi, haka yake magana ko a kan ƙwallo.

Muka aika wa wata mujallar likitoci a waje. Bayan dogon jira takardar ta dawo da ra'ayin mutum biyu da aka ba su ita su duba, ba a faɗin sunansu. Na farko ya yaba, ya nemi gyara kaɗan. Na biyun kuwa, Dakta, kamar na taɓa zagin mahaifiyarsa. Ya ce mutum goma sha ɗaya ba su isa a kafa hujja ba, ya ce ba mu auna ƙurar da ke rumfunan ba, ya ce ba mu nuna yadda muka tabbatar ba tarin fuka ba ne, ya ce ƙarshen takardar ya fi kama da jawabin ɗan siyasa, ya rufe da cewa a nemi wanda ya iya Turanci ya karanta. Edita ya ce mu gyara mu sake aikowa, ya ba mu wa'adi.

Kafin mu zauna a kan gyaran, Farfesa ya faɗi a lambunsa, shanyewar ɓarin jiki ta kama shi. Yana gane mutane, yana jin duk abin da aka ce, amma magana ba ta fita sai kalma ɗaya biyu, hannun damansa kuma ya mutu. Tun daga ranar takardar ta tsaya.

Ba wai ba na buɗe ta ba ne. Kullum sai na buɗe. In sauya kan maganar, in mayar da shi yadda yake. In ce bari in ƙara karanta abin da wasu suka rubuta, in karanta har idona ya yi ja, in tashi ban ƙara kalma ɗaya ba. Ran Asabar ɗin da ta wuce na keɓe yini guda don ita, sai ga ni ina wanke firji. Da na hango sunan takardar a kwamfuta sai in nemi wani aikin in fake da shi. Abin da ke cina shi ne, in na sake karanta maganar mai duba na biyu sai in ga kamar gaskiya ya faɗa. To in gaskiya ya faɗa, ni wace ce? Likitar ƙauye da ta ga mutum goma sha ɗaya ta ɗauka ta gano wani abu. Kuma abin da mai duban ya fi tsana shi ne ɓangaren Farfesa. In na cire shi, na yanke wa mutum harshe a lokacin da ba ya iya kare kansa. In na bar shi, za su yi watsi da takardar.

Ga kuma abin da ban faɗa wa kowa a asibiti ba. Yayan mijina, Horácio, yana da irin wannan rumfa, kuma biyu daga cikin marasa lafiyana a wurinsa suka yi aiki. Ba mugun mutum ba ne. Shi ya riƙe mijina bayan rasuwar mahaifinsu, kuma shi ma da hannunsa yake yanka dutsen, tare da yaransa, kansa fari fat da ƙura kamar mai gidan burodi. Duk Lahadi bayan coci muna cin abinci a gidan surukata. Ranar da labari ya kai musu cewa ina rubutu, ana cikin zuba farfesun rago a kan burodi sai surukata ta ajiye ludayi ta ce, "Ashe Likitarmu marubuciya ta zama? To a rubuta har da yadda za a ci abinci in an rufe rumfar." Yaya Horácio ya yi dariya ya ce, "Ƙyale ta, Mama. Ƙanwata, in za ki sa hotona a jaridar ƙasar waje ki faɗa mini in yi aski." Kowa ya yi dariya, amma da zan tafi ya raka ni bakin mota ya ce, ba dariya a fuskarsa, "Iyali takwas ke ci daga rumfar nan. Ki tuna da su." Yana faɗa yana tari. Na ce ya zo in ɗauki hoton ƙirjinsa, ya ce shi ba ya shiga injin da zai faɗa masa ranar mutuwarsa. Mijina bai ce in bari ba, bai ce in ci gaba ba. Shirunsa ya fi faɗan surukata damuna.

Da na so in bar wa'adin ya wuce kawai, in ce wa kaina Allah bai yi ba. Sai watan jiya na je taron likitocin huhu a Coimbra. Wata likita daga arewacin ƙasarmu ta nuna hoton wani saurayi da suka daɗe suna ba maganin tarin fuka ba sauƙi, har maganin ya taɓa masa hanta, tana tambaya ko akwai mai shawara. Ina ganin hoton na gane shi kamar fuskar ɗan'uwana. Na kasa ɗaga hannu a cikin jama'a, sai lokacin shan kofi na same ta na ce ta tambaye shi sana'arsa. A takardarsa an rubuta "ma'aikacin gini". Ta buga masa waya a gabana. Kantar kicin yake yankawa. Sai na ba ta labarin nawa marasa lafiyan. Ta kalle ni ta ce, "Kin ga irin wannan har goma sha ɗaya? To, 'yar'uwa, a ina kika rubuta, ban gani ba?" Ba da faɗa ta faɗa ba, ta ma ciro biro za ta rubuta sunan mujallar. Na ce rubutun yana nan tafe.

Tun daga ranar ba na iya cin abinci sosai. Wa'adin edita ya kusa cika. In na tuna saurayin arewa sai in ji dole in gama. In na tuna tarin Yaya Horácio da fuskar Farfesa sai hannuna ya ƙi motsi. Wani lokaci ma ina tambayar kaina me ya kai likita rubutu tun farko. An koya mini in duba mara lafiya, ga su nan cike da baranda suna jirana, ni kuma ina can ina kokawa da Turanci don in gamsar da mutumin da ban san sunansa ba.

Dakta, in gama ko in bari? In gamawa ce, ta yaya mutum ke gama abin da ganinsa kawai ke sa shi rawar jiki?

Taki cikin damuwa,
Likita Mai Rabin Takarda


Ƙanwata Mai Rabin Takarda,

Ki gama. Na fara da wannan don kada ki karanta sauran da faɗuwar gaba.

Kin tambayi abin da ke kai likita rubutu, alhali amsar ta tsaya a gabanki a Coimbra da biro a hannu. Abin da kika sani a ɗakin dubawarki yana amfanar wanda ya shigo ɗakin ne kaɗai. Saurayin arewa ba zai taɓa shigowa ɗakinki ba, haka na gaba da shi. Hanya ɗaya da za ki duba su ita ce ki sa wa likitansu tambaya ɗaya a baki: wane irin dutse kake yankawa? Wasu na rubutu don ƙarin girma, wasu don suna, ban ga laifinsu ba. Naki dalilin ya fi waɗannan nauyi, kuma wannan rubutu aikin asibiti ne kamar yadda duba hoton ƙirji yake.

Yanzu mai duba na biyu. Ba shi da ladabi, amma rashin ladabinsa bai hana shi yin gaskiya a wasu wurare ba, kuma kin riga kin gane haka, shi ya sa maganarsa ke miki zafi. Mutum goma sha ɗaya ba su isa a ce a hana dutse a ƙasa ba. Amma sun isa, har sun yi yawa, a ce: ga abin da muka gani, ga shekarunsu, ga aikinsu, ga hotunansu, ku lura. Takardarki ba ta yi ƙarama ba, an dai ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Ki sauke. Ba ku auna ƙura ba, ki rubuta a fili cewa ba ku auna ba, kuma wannan gibi ne. Yadda kuka tabbatar ba tarin fuka ba ne kuwa kin san shi sarai, kin dai manta ba kowa ke cikin kanki ba, sai ki zayyana gwaje-gwajen ɗaya bayan ɗaya. Kuma ki lura, edita bai kore ki ba. Wanda ba a so ba a ce masa ya gyara ya dawo. Na yi shekaru ina duba wa mujallu takardu, kuma wadda na ga ba ta da amfani layi uku nake rubuta mata. Mutumin nan ya zauna ya cika miki shafi.

Batun Farfesa, ina ganin tausayi ya sa kin yi masa abin da ba zai so ba, kin ɗauke shi kamar wanda ya riga ya tafi. Da bakinki kika ce yana jin komai. Sunansa na kan takardar, don haka ko kina so ko ba kya so sai da yardarsa za ta fita. Ki ɗauki sabon ɓangaren ƙarshe ki je gidansa, ki karanta masa a hankali, jimla jimla, ki bar shi ya gyaɗa kai ko ya girgiza. Mai yiwuwa ya yi fushi, ya buga hannun hagunsa a kujera. Ki bar shi ya yi, hakkinsa ne. Sannan ki tambaye shi wanne ya fi so, takarda mai sanyin murya da za a karanta, ko mai zafi da za ta mutu a kwamfutarki. Malamin da ya ce miki rahoto a durowa yake kwana, na san amsar da zai ba ki. Kiran a hana dutsen kuma bai ɓata ba, akwai ƙungiyar likitoci da jaridu da za a kai shi, bayan an sami hujjar da za a riƙa a hannu.

Surukanki ba zan ce miki tsoronsu banza ne ba. Iyali takwas ba wasa ba ne, kuma yayan mijinki yana shaƙar abin da yaransa ke shaƙa, ba daga ofis yake aika su ba. Amma ki duba da kyau. Takardarki ba za ta ambaci sunan rumfa ko na gari ba, kuma dole ki tabbatar ba wanda zai gane marasa lafiyan, ki kuma samu yardarsu a rubuce in ba ki riga kin samu ba. Rahoton da zai iya kawo masu bincike ƙofarsa kin riga kin kai shi tuntuni, kuma daidai kika yi. Abin da zai rufe rumfar nan shi ne ma'aikatan su ƙare ɗaya bayan ɗaya, shi ma ya bi su. Ki same shi shi kaɗai, ba a teburin mahaifiyarsa ba inda dole ya yi barkwanci don kare girmansa. Ki faɗa masa takardar za ta fita, daga bakinki ya fara ji. Ki je masa da abin da zai iya yi: yanka da ruwa, injin zuƙe ƙura, abin rufe hanci na gaske, da gwajin huhu ga kowa a rumfar. Hoton ƙirjinsa kuma kada ke ki ɗauka. Ki haɗa shi da wani likita a wani gari, domin akwai labarin da mutum ba ya so ya ji daga matar ƙanensa. Mijinki ki daina fassara shirunsa, ki tambaye shi kai tsaye, ki kuma roƙe shi ya raka yayansa. Ina zaton tsoro ne ya rufe masa baki, kuma ba tsoron takardarki ba. Edita ma ki gaya masa cewa wani danginki na da irin wannan sana'a. Layi ɗaya ne, kuma zai tsare miki mutunci.

Saura yadda ake gamawa. Yau ɗin nan ki rubuta wa edita cewa abokin rubutunki ya kwanta rashin lafiya, kina neman ƙarin lokaci. Ana bayarwa, kullum ana bayarwa. Daga nan ki daina karatu, kin karanta ya isa, karatun ya zama maɓoyarki. Ki daina taɓa kan maganar. Kada ma ki buɗe takardar da niyyar gyara ta gaba ɗaya, wannan ne ke sa ki gudu. Ki kwafe maganganun masu dubawa, ki raba su ƙanana, ki share duk kalmar cin fuska ki bar tambayar da ke ƙarƙashinta. Za ki ga dodon ya koma 'yan tambayoyi, rabinsu ma masu sauƙi. Kowace safiya kafin ki fara ganin marasa lafiya ki ɗauki guda ɗaya, ki fara da mafi sauƙi, ki amsa cikin ladabi, ki gyara wurin a takardar, ki rufe. Inda ba ki yarda da shi ba ki faɗa, ki kawo dalili. Kada ki sake keɓe yini guda, yini guda firji yake wankewa. In Turanci ya tsaya miki, ki rubuta da harshenmu yadda za ki yi wa abokiyar aiki bayani, ki juya daga baya, a ƙarshe ki ba wanda ya ƙware ya goge. Likitar arewa kuma ki riƙe lambarta. Ki ce mata za ki aika mata da gyararren rubutu ranar kaza ta karanta, domin alkawarin da aka yi wa mutum ya fi wanda aka yi wa kai ƙarfi. Amma kada ki ce za ki jira ki haɗa marasa lafiyanta da naki, wannan takarda ta biyu ce, kuma sabuwar hanyar gudu ce.

Abu na ƙarshe. Rashin cin abinci da rawar jiki, in sun ci gaba bayan kin fara aikin, ki je ki ga likita kamar kowa. Mu ma jiki gare mu.

Kada ki jira ranar da za ki ji takardar ta yi daidai, wannan rana ba ta zuwa wa kowa. Ranar da kika aika ba za ki ji daɗi ba, za ki ji kamar kin fita kin bar tukunya a kan wuta. Haka muke ji dukanmu, har waɗanda suka yi furfura a kan rubutu. Ki aika duk da haka, ki rufe kwamfutar, ki buɗe ƙofa ki kira mara lafiya na gaba.

Allah ya ba Farfesa da marasa lafiyanki sauƙi, ya kiyaye miki zumunci, ya ƙarfafa hannunki.

Dakta Ermelinda